Rufe Kantin Hattons: Darasi Ga Makarantun Tambuwal Da Kebbe

A ranar 1 ga watan Fabrairu na shekarar 2024 wani tsohon kanti mai suna Hattons da ke ƙasar Ingila ya daina ciniki, bayan ya shafe fiye da shekara 77 yana sayar da ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo. Wani mutum da ake kira Norman Hatton ne ya buɗe shi a birnin Liverpool cikin shekarar 1946, a kan titin Smithdown, kuma sannu a hankali ya bunƙasa har ya zama ɗaya daga cikin manyan masu aika irin waɗannan kaya ta gidan waya zuwa ƙasashen duniya. A 2016 ya ƙaura zuwa wani babban sito a garin Widnes. Shekara takwas bayan haka sai aka rufe shi.

Mai karatu yana iya tambaya, ina ruwan mutumin Tambuwal ko na Kebbe da kantin kayan wasan Turawa? Tambayar tana kan hanya. Hanyar jirgin ƙasa ma ba ta taɓa isowa wannan yanki ba, domin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau a Ƙauran Namoda ya tsaya tun 1929. Duk da haka, dalilan da suka kashe wannan kanti suna da kama ƙwarai da waɗanda ke kashe wata sana'ar hannu ta yaran ƙasar nan, kuma Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Da farko ya kamata a san irin kayan da ake magana a kai. Jirgin kwaikwayo ba a ƙera shi da ka. Akan ɗauki awon jirgi na gaske a rage kowane sashe nasa da adadi guda, kuma awon da ya fi karɓuwa a Ingila shi ne kashi 1 cikin 76. Ke nan taragon da tsawonsa ya kai mita 20 zai koma kimanin santimita 26, tare da ƙafafunsa da tagoginsa da ƙofofinsa, kowanne a kan ƙa'ida. Yaron da ya saba haɗa irin wannan ya koyi awo da karanta zane da haƙuri tun kafin ya san sunan aikin injiniya.

Masu kantin sun bayyana cewa ba karyewar jari ce ta sa suka rufe ba. Sun ambaci raguwar masu saye, da sauyin shekarun waɗanda suka rage, da hauhawar kuɗin gudanar da aiki, da wahalar cika ƙa'idojin aika kaya waje. A cikin wannan wata na Janairu da aka ba da sanarwar, ƙungiyar Warley, wadda ta daɗe tana shirya babban baje-kolin jiragen kwaikwayo a Birmingham, ita ma ta ce ta daina, saboda masu yi mata aikin sa kai sun manyanta. A Amurka kuwa, kamfanin Squadron na Jihar Texas, wanda ya yi fiye da shekara 50 yana aika jiragen sama da motocin yaƙi na kwaikwayo ta gidan waya, ya rufe tun a farkon 2021. Abin da ya fi fitowa fili a labarin na Ingila shi ne masu sha'awar abin sun tsufa, waɗanda za su gaje su kuwa ba su taso da yawan da ake bukata ba.

Sayayya ta gidan waya ba baƙon abu ba ne a Arewa. A zamanin En'e, har zuwa shekarun bayan samun mulkin kai, malamin makaranta ko akawu yakan duba littafin kayan kamfanin Lennards na Bristol, ya zaɓi takalmi, ya sayi fasal oda, ya manna kan sarki, ya zauna jiran ƙunshinsa na makonni. Da yawa daga cikin ma'aikatan gwamnati ta wannan hanya suka ƙaro ilmi, suna karɓar darussa daga Wolsey Hall da Rapid Results College. Wannan hanya ta soma toshewa sa'ad da aka tsananta dokokin shigo da kaya a farkon shekarun 1980, sa'an nan faɗuwar darajar Naira daga watan Satumba na 1986 ta ƙarasa ta. Kafa hukumar NIPOST a 1985 bai dawo da ita ba, kuma zuwan wayar salula a 2001 ya ɗauke wa gidan waya sauran masu rubuta wasiƙa.

Sai dai yaron karkara bai taɓa dogara da ƙunshi daga Ingila ba. Yana da nasa kantin a bayan gari, wato gonar dawa bayan girbi. Tambuwal tana kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Jega da Yawuri da Kwantagora, saboda haka yaranta sun tashi suna kallon manyan motoci dare da rana. Da kaka ta yi, sai su sami kara, su fere ɓawonsa, su yanka totuwa, su soke wannan cikin wancan, har a ga mota ta tashi da kanta da bodinta. A fafe sakaina ko tsohon silifa a yi tayoyi. Waɗanda suka ƙware sukan wuce zuwa motar langa-langa da ta gwangwani da ta waya, har da sitiyari mai juya tayoyin gaba. Babu malamin da ya koya musu. Manya ne ke yi ƙanana na kallo, har su ma hannunsu ya faɗa.

Yau wannan sarƙa ta soma tsinkewa. Motocin roba masu araha daga ƙasar Sin sun cika kasuwanni, wayar hannu kuma ta cinye lokacin da yaro kan ɓata a gindin inuwa da wuƙa da kara. Wanda aka saya wa motar roba ya sami abin wasa, amma bai san yadda aka yi taya take juyawa a jikin ƙarfenta ba, kuma ranar da ta karye sai ya jefar. Wanda ya ƙera tasa ya san inda ta yi rauni, ya kuma san yadda zai gyara.

Akwai masu cewa ƙasar da ke neman masana kwamfuta ba ta da lokacin kara da totuwa. Amsarsu tana cikin tarihin ilmin ƙasar nan. Sa'ad da aka soma tsarin 6-3-3-4 a 1982, an kashe kuɗi masu yawa wajen shigo da injunan koyar da fasaha daga ƙasashen Gabashin Turai domin ƙananan makarantun sakandare. A makarantu da dama injunan sun tsufa cikin akwatunansu, saboda babu wutar lantarki, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya san su. An soma gini ne daga sama. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma hannun da bai saba da wuƙa da ma'auni yana ɗan shekara tara ba, da wuya ya saba da injin yana ɗan goma sha huɗu.

Bisa ga haka, akwai abubuwa uku da hukumomin ilmi na Jihar Sakkwato da na ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe za su iya yi ba tare da jiran kasafin kuɗi mai nauyi ba. Na farko, a mayar da darasin aikin hannu a makarantun firamare bisa gaskiya, a daina karɓar tsintsiyar kasuwa ko kuɗi a madadin abin da yaro ya yi da hannunsa. Na biyu, a haɗa wannan darasi da lissafi. A sa yara su auna motar ɗaukar kaya a tasha, in tsawonta mita 8 ne su rage shi sau 20, su ƙera ta kara mai santimita 40, tayoyi da ƙofa duk a kan wannan awo. Na uku, a riƙa shirya gasa kowace kaka tsakanin makarantun Tambuwal da Dogon Daji da Sanyinna da Jabo da Kebbe da Kuchi, a gayyato makanikai da maƙera da kafintocin gari su yi alƙalanci, a kuma ba waɗanda suka yi zarra fifiko wajen shiga kwalejojin fasaha.

Ma'aikatan da ke riƙe da ofisoshin ilmi a yau, da yawansu sun ja motar kara a ƙuruciya, kuma su ne shaida a kan abin da ta koya musu. Ɗaliban kwalejojin horon malamai kuwa su ne za su shiga aji gobe, saboda haka wajibi ne su koyi wannan sana'a tun masu iya ta suna nan. Hattons yana da jari da sito da suna, amma da magada suka yi ƙaranci dole ya rufe ƙofa. Kara yana nan kyauta kowace shekara a gonakin Tambuwal da Kebbe. Abin da ya rage shi ne hukuma ta sa hannu tun kafin a nemi mai koya wa yara a rasa. Allah ya sa a ji, a kuma aikata.