Tsaftar Ganin Baƙo

Da hantsi, tsakar gidan manomi a Ruwan Godiya ba ta da makusa. Tun bayan sallar asuba an yayyafa ruwa an share, sawun tsintsiya na kwance layi-layi, an kife tukwane a rana, an kwashe tokar murhu. A ɗakin uwargida kuwa kwanukan jere sai ƙyalli suke yi a kabet. Wasu tun ranar da aka kawo ta ba su taɓa ganin miya ba, amma duk mako sai an sauke su an goge. Baƙo zai sha ruwa ya fita yana yabon gidan, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai bai leƙa cikin randar da aka ɗebo masa ruwan ba.

Haka abin yake daga Faskari har Ƙanƙara da Sabuwa, haka yake a Funtuwa da birnin Katsina. Bahaushe mai tsafta ne, amma tsaftarsa ta fi ƙarfi inda ido ke sauka. Cuta kuwa ba ruwanta da inda ido ke sauka.

Randa ba kasafai take ƙarewa ba, shi ya sa ba kasafai ake wanke ta ba. Da ruwa ya yi rabi sai a tura yara rijiya ko a kira ɗan garuwa a ƙara sabo a kan tsoho. Wanda ya naɗe hannun riga ya shafa gindinta zai ji santsi, yatsunsa su fito da laka. A kan murfinta moɗa take zama, inda kaji ke hawa, in ma ba a ƙasa aka yar da ita ba. Yaro ya fito daga makewayi da gudu, ya ɗauki moɗar, ya zurma ta har wuyan hannu, ya sha, ya mayar da ragowar ciki. Kafin la'asar hannu nawa ya shiga randar nan? Jarkar da ta maye gurbin tulu ta fi muni ta wani fannin, domin bakinta ƙarami ne, soso ba ya shiga, sai gansakuka ta yi kore a ciki ana gani ana kau da kai. Guga ma a bakin rijiya yake kwana, cikin caɓi da kashin awaki, da safe a jefa shi cikin ruwan da duk unguwa ke sha.

Masu binciken lafiya sun daɗe da gano cewa ruwan da ya fito da tsabtarsa daga famfon burtsatse yakan gurɓata ne a hanya ko a cikin gida, a mazubi. A shekarar 2021, lokacin da amai da gudawa ya game ƙasar nan, hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC ta ƙirga mutane fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu, sama da 3,000 suka rasu, kuma Katsina na cikin jihohin da suka fi jin jiki, tare da Kano da Jigawa da Bauchi da Zamfara. Rashin ruwan famfo da masai na gari laifin hukuma ne, ba a musu. Amma hukuma ba ta hana kowa juye randa sau ɗaya a mako, a goge ta da soso da sabulu, a bar ta ta sha rana, a kuma yi wa moɗa doguwar mariƙa da ƙusar rataya ba.

Buta kuwa, Allah sarki. Ita ke shiga masai, ita ake alwala da ita, daga bakinta yaro ke zuƙar ruwa in ƙishi ya kama shi. Da wuya a sami gidan da mariƙinta ya san sabulu.

Abin mamakin shi ne mutanen da aka rena da babin tsarki ne ke wannan sakacin. Almajirin da ya ɗauki Ahalari ko Ishmawi a zaure, tun a shafukan farko ake koya masa ya duba launin ruwa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa. Wannan hukuncin ibada ne, kuma yana nan daram. Amma ƙwayar kwalara ba ta sauya launi, ba ta sauya ɗanɗano, don haka ruwa zai iya halatta ga alwala ya kuma kwantar da jariri. A Buhari da Muslim akwai hadisin Jabir inda Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a rufe ƙorai da dare, a ɗaure bakin salka, a kashe fitila don kada ɓera ya ja lagwani ya ƙona gida. Malamanmu sun san shi sarai, sai dai ba kasafai ake jin sa a huɗuba ba.

Shi ɓeran nan yana da nasa labarin a kudancin Katsina. Ƙasar masara ce da dawa da waken suya, ita ke cika kasuwar Dandume da kaka. A da hatsi a rumbu yake kwana, bisa duwatsu, nesa da shimfiɗa. Shekarun rashin tsaro sun sa manoma da yawa ba sa yarda su bar amfaninsu a bayan gida, sai a sussuke a ɗure a buhu a jibge a ɗakin kwana, jikin bango, wani har ƙarƙashin gado. Ba a ganin laifinsu. To amma inda hatsi ya tafi nan ɓera ke bi, kuma bayan buhunan nan tsintsiya ba ta sake shiga sai damina, in an cinye. Ranar da aka ɗaga buhun ƙarshe a ga abin da ke wurin: kashin ɓera baƙi-baƙi kamar an watsa shinkafa, tsummokaran da ya yi sheƙa da su, rami a gindin bango da ya ɓulla har madafi, inda faifai da matankaɗi da turmi ke kwana a buɗe.

Zazzaɓin Lassa ta wannan hanyar yake shigowa. An fara gane shi a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, kuma wani ɓera mai yawan nonuwa ne ke ɗauke da shi, yana zuba shi cikin abinci ta fitsari da kashi. Yakan tsananta daga hunturu zuwa bazara, daidai lokacin da ɗakuna ke cike da buhuna. Mafi yawan waɗanda suka kamu ba sa jin jiki sosai, amma wanda ya kama da ƙarfi yana iya rasa ransa, wasu kuma su tashi da kurumta. Jihohin Ondo da Edo da Bauchi da Taraba ne suka fi fama da shi, ba Katsina ba, sai dai irin wannan ɓeran ya bazu a faɗin ƙasar nan, kuma buhu daga ko'ina yake zuwa. Ko ba Lassa, buhun da aka jingina da bango mai danshi fumfuna yake yi, ita kuwa fumfunar masara da gyaɗa tana haifar da gubar da ke lalata hanta. A Kenya a 2004 irin wannan masarar ta kashe mutum 125. Katako huɗu a ƙarƙashin buhu da tazarar taki ɗaya daga bango sun isa iska ta ratsa, tsintsiya ma ta sami hanya.

Maƙwabtan Faskari ta yamma sun ga abin da ya fi wannan. A 2010 yara fiye da 400 suka mutu da gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma. Duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma ake kawowa cikin gida ana dakawa a turmi, ana niƙawa, ƙurar ta zauna a ƙasar da yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Waɗannan gidaje ana share su kullum, shara ce ma ke ta da ƙurar. Sai da aka kankare saman ƙasar tsakar gidajen aka zuba sabuwa, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF na yi wa yaran magani, kuma ƙauyen Bagega bai sami nasa aikin ba sai 2013. Duk inda ake haƙar ma'adinai a yankin nan, turmin da ya daki dutse bai kamata ya koma dakan fura ba, kayan aikin rami kuma a waje ya kamata su tsaya.

In magana ta zo nan, maza sukan gyara zama su ce ai matan yanzu ƙazamai ne. A yi adalci. Wanke randa da moɗa da buta aikin cikin gida ne, an yarda. Amma wa zai ɗaga buhu mai mudu arba'in? Wa zai kwaɓa siminti ya toshe ramin ɓera, ya sassaƙa wa masai murfi, ya yi wa rijiya baki da marfi? Rariyar da ke fitar da ruwan wanka ta bayan katanga, ta taru ta yi baƙi a lungu, agwagi na wasa sauro na ƙyanƙyasa, matar da ke cikin kulle ba ta ma taɓa ganin inda ta ɓulla ba. Maigida ne ke tsallake ta sau biyar a rana zuwa masallaci, yana tattare babbar rigarsa mai sitaci. Sauro kwana goma zuwa mako biyu yake buƙata daga ƙwai zuwa mai cizo, kuma Najeriya ce ke ɗauke da kimanin rubu'in masu zazzaɓin cizon sauro na duniya. Kuɗin maganin da yake ƙorafi a kai duk damina sun ninka na tonon ramin da zai shanye ruwan.

Dattawa suna tuna duba-gari, wanda kan yi sallama ya shiga har madafi, ya buɗe randa, in ya ga tsutsa ya sa a zubar a kuma ci maigida tara. Maigida ake ci, a lura, ba matarsa ba. Gwamnatin Buhari da Idiyagbon ta zo da sharar dole a 1985, wadda ta bar mana tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata, amma ita titi da kwata take dubawa, ba ta wuce zaure. Yau ma'aikatan tsaftar muhalli suna nan a ƙananan hukumomi, sai dai ba su da yawa, kuma hanyoyin ƙauyukan Faskari da Sabuwa ba kullum suke biyuwa ba. Masu iya shiga kowane gida ba tare da takarda ba su ne ungozoma da malamar Islamiyya da mata masu zagayen rigakafin shan-inna, sai kuma mai unguwa da liman da ke iya tsayar da maigida a ƙofar masallaci su tambaye shi yaushe rabon da ya leƙa bayan katangarsa.