AWON GONAKI A KEWAYEN KANO: WA AKA TAMBAYA?

'Yan'uwa talakawa, manoma da 'yan kasuwa, ga wata magana da ta shafi tuwon kowa. Birnin Kano ya cika ya batse, yana malalowa cikin ƙasar Ungogo da Dawakin Tofa da Minjibir da Gezawa. Sai a zana sabuwar unguwa a kan gonakin mutane, a ce za a gina ta kashi-kashi: na ɗaya, na biyu, na uku. A kai taswira ofis, Hukumar Tsara Birane ta KNUPDA da Ma'aikatar Ƙasa su duba, su sa hannu. Mai gona fa? Sau da yawa ba ya jin labari sai ranar da ya tarar da dutsen safiyo a tsakiyar geronsa.

Masu taswira suna kiran wurin fili. Ƙarya ce, gona ce. Tun a 1965 Mortimore da Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello suka auna ƙasar Ungogo, suka miƙa rahoto ga hukumar tsara Kano ta wancan zamani, suka nuna yadda jama'a suka yi yawa a nan, ana kuma noma gona kowace damina ba hutu. Me ya hana ta mutuwa? Taki. Kakanninmu sun yi ta kai itace birni a kan jakuna, suna komowa da mangalar taki. Su suka bar ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo a tsaye. Ƙarfin wannan ƙasa gumin talaka ne.

To, me doka ta ce? Dokar ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa, ta danƙa ƙasar jiha a hannun Gwamna, wai amana ce don jama'a. Sashe na 3 ya ba shi iko ya ce wuri kaza ya zama birni. Sashe na 28 ya ba shi iko ya karɓe ƙasa da sunan amfanin jama'a. Sashe na 29 kuwa ya ce a biya diyyar abin da ke kan ƙasar, watau shuka da gini. Ita ƙasar kanta ba ta da kuɗi. Ku duba wannan rabo! A biya ka kuɗin geron damina ɗaya da 'yan itatuwa, a yanka gonarka fuloti-fuloti, a raba wa masu hannu da shuni, su sayar da guda ɗaya a kan abin da ya ninka diyyarka duka.

Mugun abin ma yana cikin kashi-kashin nan. Kashi na ɗaya shi ne bakin titi, nan da nan za a share shi. Na biyu da na uku sai a kafa musu duwatsu a tafi. Daga ranar manomi ya zama baƙo a gadonsa. Ba ya iya gina wa ɗansa ɗaki in zai yi aure. Ba ya zuba taki, don bai san ko zai ci amfaninsa ba. In ya matsu ya nemi sayarwa, dillali ya taya a wulakance. Ba a biya shi ba, ba a kuma sake shi ba.

Wanda ya ce tsoro ne kawai, ya tambayi mutanen Rimin Zakara a ƙasar Ungogo. Shekara da shekaru ana jayayya tsakaninsu da Jami'ar Bayero a kan fili, har aka haifi 'ya'ya da jikoki a cikin rigimar. A Fabrairun 2025 aka shiga da motocin rusau, aka rasa rayuka. Ya kuma bi hanyar Katsina ya dubi Bandirawo, wadda aka gina tare da Kwankwasiyya da Amana tsakanin 2011 da 2015. Gidaje da yawa sun yi shekaru a kulle ba kowa ciki. Ina gaggawar cinye gona ta biyu alhali ta fari ba ta cika ba?

Za su ce mana, in ba a tsara ba, awon igiya zai cinye wurin, unguwa ba titi ba magudanar ruwa. Gaskiya ne, mu ma ba ma son awon igiya. Amma me ke sa manomi ya kira mai igiya da gaggawa? Tsoron a zo a karɓe a ba shi kuɗin kara. A gyara diyya, a ga ko zai yi.

'Yan kasuwa, kada ku ce ba ruwanku. Gero da dawa da wake da gyaɗar waɗannan gonaki suna cikin abin da kuke aunawa a Dawanau, manomin nan kuma shi ne mai sayen atamfarku da kaka. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga abin da muke nema, ba roƙo ba ne:

1. A kafa taswirar da bayaninta da Hausa, boko da ajami, a ƙofar dagaci da bakin kasuwa, kafin a sa mata hannu.
2. A yi taro a ƙauyen, a ji ta bakin masu gona, har da mata masu gado.
3. A ba manomi rabonsa na fuloti da takarda a hannu kafin mota ta shiga.
4. Kada a taɓa kashi na biyu sai na ɗaya ya cika, a kuma sa ranar da in ta wuce gona ta koma ga mai ita.
5. A ware maƙabarta da burtali da kasuwa da makaranta.

Ku kuma, kada kowa ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. Ku auna gonakinku, ku ƙirga itatuwanku a gaban shaidu, ku je ofis a ƙungiya, ba ɗai-ɗai ba. Tsintsiya ɗaya ba ta shara. Allah ya ba mai gaskiya sa'a, amin.