Ra'ayin Reshe: Kwamfutar Malami da Amanar da ke Cikinta

A ƙarshen zangon da ya shige, saura kwana uku a raba wa yara sakamako, wani ɗan'uwanmu mai koyar da lissafi ya bar kwamfutarsa ta cinya a kunne bisa tebur, ya fita tsakar gida. Ƙaramin ɗansa ya shigo da gudu, ƙafarsa ta sarƙe da wayar caja, kwamfuta ta yi ƙasa. Gilashin bai fashe ba, amma tun daga wannan sa'a ba ta sake buɗewa ba. Mai gyara ya duba, ya ce ma'ajiyar bayananta ce ta mutu. A cikin wannan ma'ajiya akwai makin azuzuwa huɗu, da tambayoyin da ya shekara uku yana tarawa, da babi uku na kundin digirin da yake yi a lokutan hutu. Makin dai ya kwana biyu bai runtsa ba har ya sake haɗa shi daga takardun amsa. Kundin kuwa sai da ya koma farko. Har yau ana cire kuɗin kwamfutar daga albashinsa duk wata, domin da bashin ƙungiyar gama-kai ya saye ta.

Mun kawo wannan labari ne saboda kowanenmu ya san makamancinsa, wasunmu ma a kansu ya faru. Shekarun baya kayan aikin malami alli ne da rajista da jan biro. Yau kwamfuta ta shigo cikin jerin, ko mun so ko mun ƙi. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Jarrabawar ƙwarewa ta hukumar TRCN, wadda ake bi kafin samun rajistar koyarwa, ita ma a kan kwamfuta ake rubuta ta. A 2024 hukumar WAEC ta fara gudanar da jarrabawa ta kwamfuta ga ɗalibai masu zaman kansu. Malamin da hannunsa bai saba da madannai ba, yaya zai shirya yaron da zai zauna gabansu ranar da makomarsa ke kan sikeli? Saboda haka matsayin wannan reshe a fili yake: kwamfutar malami kayan aiki ce, kula da ita wani ɓangare ne na aikin koyarwa, kuma nauyin yana kan malami da iyalinsa da hukumar da ta ɗauke shi aiki.

Mu fara da saye, domin tun ran gini ran zane. Yawancinmu ba sabuwa muke saye ba, wadda aka yi amfani da ita a ƙasashen waje muke samu, kuma babu laifi a cikin haka in an buɗe ido. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba. Kafin a miƙa kuɗi, a tambayi mai sayarwa ko wadda ake ciniki za ta ɗauka. A cire caja a ga ko batirin zai riƙe wuta, a danna kowane harafi, a gwada kowace kafa da filash. A kuma tambayi irin ma'ajiyar da ke cikinta. Tsohuwar ma'ajiya faifai ce mai juyawa sau dubbai a minti guda, shi ya sa faɗuwa ɗaya tana iya kashe ta, kamar yadda ya faru ga ɗan'uwanmu. Wadda ake kira SSD ba ta da abin da ke motsi a cikinta, ta fi sauri, ta fi jure jijjigar babur a hanyar ƙauye. In bambancin kuɗin bai fi ƙarfin aljihu ba, a ɗauke ta. Araha ba ta ado.

Bayan saye, abokan gābar kwamfuta a ƙasarmu uku ne, kuma duk mun san su: zafi da ƙura da wutar lantarki marar tabbas. Yawancin kamfanonin da ke ƙera kwamfutar cinya suna gargaɗi da kada a yi aiki da ita a inda zafi ya haura digiri 35, alhali a watan Afrilu zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri yakan zarce 40. A cikinta akwai 'yar fanka da ke jawo iska ta ƙofofin da ke ƙasa da gefe don ta huce. Wanda ya ɗora ta bisa katifa ko matashi ko darduma mai kauri ya toshe mata hanci ke nan. A ɗora ta bisa tebur ko faffaɗan katako. Kada a bar ta cikin mota a rufe da rana, kada kuma a jefa ta cikin jaka tana kunne. In an ji fankar tana kuka fiye da yadda ta saba, ko ƙasanta ya yi zafin da cinya ba ta iya ɗauka, lokacin kai ta wurin mai gyara ya yi.

Ƙura kuwa da hunturu take yin sallama, amma malami yana da tasa ta musamman da ba ta da lokaci, wato garin alli. Ita ce ke taruwa a fanka har ta yi kamar auduga, ta hana iska wucewa. Maganinta mai sauƙi ne: a rufe kwamfuta in an gama aiki, a lulluɓe ta da ƙyalle, a wanke hannu bayan an bar allo kafin a taɓa madannai. Sau ɗaya a shekara, bayan hunturu ya wuce, a kai ta a buɗe a hure ƙurar. Gilashin fuskarta kuma da tattausan ƙyalle ake goge shi, ba a fesa masa ruwa, ba a sa masa fetur ko kananzir.

Maganar wuta ta fi zafi, domin ita ce ke halaka caja da kwamfuta cikin ƙiftawar ido. Lokacin da aka dawo da wutar Nepa, da lokacin da ake tada janareto ko yake shirin mutuwa saboda ƙarewar mai, su ne lokutan hatsari. A zare caja daga bango idan aka ɗauke wuta, kada a mayar sai ta daidaita. Haka nan idan hadari ya haɗu ana walƙiya. Wanda ya sami hali ya sayi sitabilaiza. Idan caja ta lalace, a duba lambobin da ke rubuce a jikinta a nemi mai daidai da su, domin wata kwamfutar bolt 19.5 take sha, wata 20, kuma shigar bakin caja cikin rami bai nuna cewa ita ce ta dace ba.

Batirin kwamfutocin yanzu ba ya son a riƙa zuƙe shi har ya mutu, ba ya kuma son zama a cike cikin zafi dare da rana. Ya fi daɗewa idan ana jona shi kafin ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, a kuma cire shi ba tare da an bar shi ya kwana a jone kullum ba. Wanda zai yi dogon hutu bai taɓa kwamfutar ba, ya ajiye ta da kimanin rabin caji. Abu ɗaya da ba a yi masa jinkiri shi ne kumburin batir. In aka ga madannai sun tasa, ko murfin ƙasa ya fara rabuwa, a kashe ta nan take, a daina caji, kada a danna wurin ko a huda shi. Irin wannan batir yana iya kamawa da wuta, kuma gidajenmu cike suke da yara.

A nan muke juyowa ga iyalai, domin wannan mujalla takan kai hannun uwargida da maigida da 'ya'ya. Mun sani a gidaje da yawa kwamfutar malami ita kaɗai ce a gidan. Da ita yaro ke gwajin JAMB, da ita ake kallon fim da dare. Ba mu ce a hana yara ba, ai ɗan malami ne ya fi cancanta ya iya. Abin da muke roƙo shi ne a kafa doka a gida. A buɗe wa yara nasu shafin shiga daban da na aikin makaranta. Kada a ci abinci ko a sha shayi a kanta. Kada a ɗaga ta ta murfi, kada a rufe ta da biro a tsakani, kada a miƙe wayar caja a kan hanyar wucewa. In ƙaddara ta sa ruwa ko koko ya zube a kai, a kashe ta a take, a zare caja, a kife ta, kada a yi gwajin kunnawa har sai mai gyara ya gani. Yaron da ya yi ɓarna kuma ya faɗa da wuri, a yaba masa gaskiyarsa, domin ɓoyewar ce ke mayar da ƙaramin gyara babba.

Duk da haka, mu faɗa wa juna gaskiya: kowace kwamfuta tana da ranarta. Ƙarfe ana sake sayensa ko da bashi, amma aikin shekara uku babu kasuwar da ake sayar da shi. Saboda haka duk abin da ke da muhimmanci a ajiye shi a wuri uku. Ɗaya a cikin kwamfuta, ɗaya a filash da ba a ajiyewa cikin jaka ɗaya da ita, ɗaya kuma a intanet. Duk mai adireshin Gmail yana da wurin ajiya na gigabait 15 kyauta, wanda ya ishi makin makaranta guda da kundin digiri har da saura. A ware rana ɗaya a mako, ko da yammacin Alhamis ne, a kwafe abin da aka yi. Minti biyar ne. Rajistar maki ta takarda kuma kada a yar da ita, ita ce ta ceci ɗan'uwanmu.

Filash ɗin ma yana da nasa hatsarin. Wanda ya zaga shagunan buga takardu yakan dawo da cutar da ke ɓoye fayiloli ko lalata su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Windows tana zuwa da makarinta na kyauta mai suna Microsoft Defender, a bar shi a kunne, a riƙa sabunta shi, a kuma bincika kowane filash kafin a buɗe. A guji manhajojin sata da ake lodawa a kasuwa, domin ta cikinsu cututtuka da yawa ke shiga. Wanda ba shi da kuɗin lasisi, akwai LibreOffice da ke rubutu da lissafin maki ba tare da biyan ko sisi ba.

Akwai kuma amanar da ta wuce ta dukiya. A cikin kwamfutar malami akwai sunayen 'ya'yan mutane, da hotunansu, da makinsu, da lambobin iyayensu, da tambayoyin jarrabawar da ba a riga an yi ba. Tun 2023 Nijeriya ke da dokar kare bayanan mutane, amma tun kafin doka mun san cewa asirin ɗalibi amana ne a wuyan malaminsa. A sa kalmar sirri, kada ta zama sunan ɗa ko shekarar haihuwa. A kulle kwamfuta duk lokacin da za a tashi daga ɗakin malamai. In za a kai gyara, a kwashe abin da bai kamata a gani ba, ko a zauna a yi aikin a gaban idon mai ita. In za a sayar, a goge komai tukuna. Tambayar jarrabawa ɗaya da ta fita ta hanyar sakaci tana iya zubar da mutuncin da aka shekara ashirin ana ginawa.

Sai hukumomi. Ba daidai ba ne a umarci malami ya shigar da maki ta intanet, ya buga tambayoyi, ya koya wa yara jarrabawar kwamfuta, sa'an nan a bar shi ya sayi na'ura da data da man janareto daga albashin da bai kai shi ƙarshen wata ba. Ba a taɓa cewa likita ya zo da gadon tiyata daga gida ba. Muna kira da a samar wa makarantu wutar sola da za ta ishi caji, da wurin ajiya mai makulli, da horo na haƙiƙa a hannun waɗanda suka iya, wanda malami zai fito daga cikinsa da abin da zai yi aiki da shi gobe. Inda aka raba kwamfutoci, a haɗa da tanadin gyara, domin mun ga ɗakunan da aka cika da na'urori aka rufe, ƙura da ɓera suka gaje su.

Mu ma a reshe ba za mu naɗe hannu muna jira ba. Muna ba da shawara ga kwamitin gama-kai da kada ya sake biyan kuɗin kwamfuta sai wani masani daga cikinmu ya duba ta. Muna roƙon malaman kwamfuta da ke cikinmu su ba da sa'a ɗaya bayan kowane taron wata, kowa ya zo da tasa, a koya wa juna ajiyar bayanai da sa kalmar sirri. Dattawanmu da suka kusa ritaya kada su ji nauyin tambayar ƙannensu, mu da muke gaya wa yara kullum cewa tambaya rabin ilimi ce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kafin taro na gaba, abu ɗaya muke nema daga kowane ɗan ƙungiya: yau da dare, kafin a kwanta, a ɗauki filash a kwafe makin wannan zango. Allah Ya tsare mana kayan aikinmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar 'ya'yan jama'a.