Harshen maƙwabcinka

Ɗan'uwa, ka taɓa jin wani harshe wai shi Miyobe? Harshen mutanen Soruba ne. Suna zaune a arewacin ƙasar Benin da ta Togo. Ba su da yawa, kuma manyan harsuna, irin su Kabiye, sun kewaye su. Fataken Hausa na da, masu zuwa Gwanja sayen goro, ta Jugu suke bi, ba nisa da ƙasarsu.

Za ka ce, to ina ruwanmu, mu da muke Matameye? Da ruwanmu mana. A can Miyobe ne ƙarami. A nan kuwa Hausa ce babba, kuma babban harshe yana haɗiye ƙarami ba tare da faɗa ba. Dubi Damagaram. Gidan sarautarta asalinsa Barebari ne, daga Barno. Yau ka shiga kasuwar Damagaram ka kasa kunne: Hausa ce ta cika ko'ina. Akwai gidajen da kaka ke jin Barbarci, uba na tsintar kaɗan, jika kuwa ko gaisuwa bai iya ba. Ba wanda ya hana su. Ciniki ne, da aure, da kunyar kada a yi musu dariya.

Dariyar nan ita ce tamu. Bafillace ya kawo nono kasuwa, ya karya Hausa, sai mu kwashe da dariya, alhali shi harshe biyu gare shi, mu ɗaya. Ɗansa yana tsaye yana ji. Gobe ka yi masa Fillanci, ya amsa maka da Hausa.

A 2001 dokar Nijar ta lissafa harsunan ƙasa guda 10, har da ƙanana kamar Tasawak na Ingal da Buduma na bakin tafkin Cadi. A 2025 aka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Mun ji daɗi, ba laifi. Amma nauyi ya ƙaru a kanmu.

Yanzu ka iya riƙe alƙalami. Baƙaƙen da ka koya a ajin yaƙi da jahilci, yawancinsu da su ake rubuta Fillanci da Barbarci. Ranar kasuwa, nemi maƙwabcinka Bafillace ko Babarbare ko Buzu. Tambaye shi yadda ake cewa ruwa, da gero, da "ina kwana". Rubuta a littafinka, ka karanta masa a gaban ƴaƴansa. In ka karya, bar su su yi maka dariya.