Awon Minti Ba Awon Amfani Ba Ne

'Yan'uwa, yawancinmu a Karaye da Rogo muna riƙe da waya mai manhajoji na Hausa, irin su littafin waƙoƙi da ƙamus. Mun taɓa tambayar kanmu me matasan da suka ƙirƙiro su suke ci?

Manyan kamfanoni sun fito da wani tsari, watau a biya mai manhaja gwargwadon yadda aka yi amfani da ita. A shekarar 2015 kamfanin Amazon na Amurka ya buɗe shirin Underground, yana biyan dala 0.002 a kan kowane minti, watau sai an cika minti 500 kafin dala ɗaya ta fito. A 2017 ya ba da sanarwar rufe shirin, amma irin wannan awo bai mutu ba.

Bari mu yi lissafi da wancan kuɗin. Manomin rani a bakin madatsar ruwa ta Challawa, in ya duba farashin tumatir na minti 2 kowane mako, a shekara ya yi minti 104, ko rubu'in dala bai kawo wa mai manhajar ba. Yaron da ke wasan waya awa 2 kullum ya wuce wannan a rana guda. To, wanne ya fi amfanar gida?

A ƙasarmu galibi talla ce take biya: in an ga talla, a sami ɗan abu. Amma tun da hukumar NCC ta yarda a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, mutumin ƙauye yakan kashe data kafin ya buɗe manhaja. Ba data, ba talla. Ba talla, ba ko kwabo. Littafin waƙoƙin da muke buɗewa ran Lahadi kaɗai kuwa, da me zai ciyar da wanda ya yi shi?

Gaskiya ne tsarin ya sauƙaƙa wa talaka, gama ba ya biya daga aljihunsa. Amma in mai yi ya gaji ya bari, mu ne da hasara.

Saboda haka shawararmu ita ce, ikilisiyoyi da ƙungiyoyin manoma su haɗa kuɗi kamar yadda muke adashi, su nemi mai manhajar da suke mora, su biya shi kai tsaye kowace shekara. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.