Matse Fayil: Gyaran Gangar Auzinawa

Da zarar an goge tsofaffin tebura daga rumbun bayanai, sai a tarar girman fayil ko gezau. Nan take maigida a ofis zai ce ana asarar wuri, ma'aikaci kuma ya ruga ya buga DBCC SHRINKDATABASE, umarnin matse fayil a SQL Server. Wasu ma jadawali suke tsarawa, duk ƙarshen mako a matse. Sun ɗauka tsafta ce, alhali ɓarna ce tsagwaronta.

SQL Server yana adana bayanai a shafuka masu kilobayit 8. In an goge tebur, shafukansa sun zama fanko, kuma su injin zai fara cikawa da sabbin bayanai kafin ya nemi ƙari a faifai. Manomin da hatsinsa ya ƙare ai ba ya rushe rumbu ya gina ƙarami, tunda kaka na tafe.

To me matsewar ke yi? Takan ɗauko shafukan da ke ƙarshen fayil ɗaya bayan ɗaya, ta cusa su a duk gurbin da ta samu a gaba, ba ruwanta da jerinsu. Fihirisar da ke a tsare sai ta wargaje, bincike ya koma tafiyar hawainiya. Kowane shafi da aka motsa kuma sai an rubuta shi a kundin ma'amaloli, shi ma ya kumbura. A je gyaran fihirisa, aikin na buƙatar fili, fayil ya sake girma. An koma gidan jiya, ga wahalar banza.

Paul Randal, wanda ya kula da wannan ɓangare a Microsoft zamanin SQL Server 2005, ya daɗe yana gargaɗi a kan haka. Wa ya fi shi sanin ciki?

Injuna ma sun bambanta. PostgreSQL yakan saki wurin da zarar an goge tebur, domin kowane tebur da fayilolinsa. A MySQL kuwa, fayil ɗin ibdata1 ba ya raguwa, sai an kwashe komai an sake lodi.

A SQL Server, uzurin matsewa ɗaya ne: an goge kaso mai tsoka da ba zai dawo ba, faifai kuma ya cika maƙil. A nan a matse sau ɗaya da DBCC SHRINKFILE, a bar sarari, a gyara fihirisa. Shi kuwa AUTO_SHRINK, mai matse fayil da kansa, a kashe yake zuwa, don Allah a bar shi a kashe.