Ra'ayinmu: Wa Zai Rubuta Tarihinmu?

Kwanan baya a Ƙofar Wambai, cikin birnin Bauchi, muka tarar da wani saurayi mai digiri na biyu yana cikin damuwa. Yana son neman digirin dakta, irin wanda ake haɗa tarihi da nazarin zaman jama'a da harsuna wuri guda, amma mahaifinsa, wanda ke fataucin shanu a Agege, ya aiko cewa ya nemi aiki tukuna, wai wannan karatu ba shi da kai. Mu dai muna bayan yaron.

Dalilinmu kuwa shi ne ita kanta ƙofar. Duk mai son ya san yadda Malam Yakubu ya kafa Bauchi wajen 1809, da irin mutanen da suka zauna kowace unguwa, lalle ne ya iya karanta takardun Larabci, ya zauna gaban tsofaffi, ya san wani abu na harshen Gerawa, ya kuma fahimci harkar kasuwa. Fanni ɗaya ba zai ɗauki wannan kaya ba.

Ku da ke zaune a Kudu abin ya fi shafarku. Littafin da duniya ta sani a kan Hausawan Sabo na Ibadan, Abner Cohen ne ya rubuta shi, aka buga a 1969. Ya yi ƙoƙari, ba mu musa ba, amma baƙo ne. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan, masu gidan da suka riƙe cinikin goro da shanu a wancan zamani galibi sun riga mu gidan gaskiya, jikokinsu kuwa wasu Yarabanci ya fi musu sauƙi a baki.

Wuraren karatun suna nan. Jami'ar Ibadan tana da Cibiyar Nazarin Afirka tun 1962, watau a ƙofar gidanku take. A Kaduna akwai Arewa House na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya fara jagoranta a 1970, cike da takardun tarihin Arewa.

Sai dai kada mai nema ya yaudari kansa. Kafin ya sayi fom, ya sami malamin da zai yarda ya duba aikinsa, ya rubuta a taƙaice tambayar da yake son amsawa da inda zai samo hujja. Takardar sakamako daga tsohuwar jami'a takan ɗauki watanni, to a nema da wuri. Wahalar ma ninki biyu ce, domin masu tarihi za su auna shi da mudunsu, masu nazarin jama'a su ma da nasu, kuma ranar ɗaukar aiki wani sashe yakan ce ba nasa ba ne.

Saura kuɗi. Tallafin TETFund na malaman manyan makarantun gwamnati ne, ɗan mahauci ko ɗan dillali ba ya ciki. Don haka muna kira ga sarakunan Hausawa na Legas da Ibadan da Shagamu, da ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu, su ɗauki nauyin ko da ɗalibi ɗaya a shekara, kuma su buɗe masa zaurukansu in ya zo da tambayoyi.